Marubuta, ku kawo ɗauki: labarina ya cije a babi na bakwai

Assalamu alaikum. Labari nake rubutawa kan wata jaruma da na ƙirƙira, tauraruwar Hollywood ta shekarun 1950, zamanin da kamfani ke ɗaure ɗan wasa da kwantiragin shekara bakwai, har sunansa ya canja masa. Yanzu ta haura 90, duniya ta manta da ita. Sai wani kamfani ya kawo ƙirƙirarriyar basira (AI), wato na'ura mai kwaikwayon tunanin ɗan Adam, don ta gyara tsofaffin finafinanta. Na'urar ta haddace komai, har yadda take ɗaga gira kafin ta yi ƙarya. Hira ta yi hira tsakaninsu, tsohuwa ta kamu da son na'urar.

Nan na maƙale. In na ce na'urar tana sonta da gaske, mai karatu zai ce na raina masa hankali, tunda kalmomi kawai take jerawa daga abin da aka ɗura mata. In na ce ba ta so, jarumata ta zama abin tausayi, alhali mace ce mai kaifin kai da ta sha gwagwarmaya da furodusoshi.

Ga kuma batun kamfanin: so yake ta sa hannu ya mallaki fuskarta da muryarta, irin rigimar da ke cikin dalilan yajin aikin 'yan wasan Amurka a 2023. To, soyayyar tarko ce? Na'urar ta sani?

Kashe jarumar ba na so, ya yi arha. Ta wace hanya zan ɓullo? Kuma ta bakin wa ya kamata a ji labarin, ita ko na'urar?