Don Allah a taimaka: lissafin tsawon igiyar ilektron ya ƙi daidaita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina fama da tambaya ɗaya kan gwajin Davisson da Germer na 1927, kaina ya ɗaure.

An harba ilektron da ƙarfin bolt 54 a kan nikel. Da na bi ƙa'idar de Broglie, wato λ = h/p (λ tsawon igiya, h tsayayyen adadin Planck, p kuwa nauyin ilektron sau gudunsa), na samu tsawon igiyarsa nanomita 0.167. Nan ba matsala.

Inda na maƙale shi ne wajen tabbatar da wannan amsa. Ilektron sun fi taruwa a kusurwar digiri 50, tazarar layukan atam a fuskar nikel kuwa nanomita 0.215 ce. Da na saka su cikin dokar Bragg, wato λ = 2d sin θ (d tazara, θ kusurwa), sai na samu 0.329, kusan ninki biyu. In na cire 2 ɗin, sai 0.165 ta fito, ta yi daidai. Na goge na sake fiye da sau biyar.

To me ya halatta cire 2 ɗin? Ko tazarar da kusurwar da Bragg ke nufi daban ne? Ba haddace amsa nake so ba, dalilin nake son fahimta. Na gode.