Karatu a Azhar da takardar sakandaren Najeriya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malamai. Ƙanina ya gama sakandare, yana son karanta Shari'a a Azhar da ke Alƙahira. Ta ina ake farawa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. A fara bincika ko Azhar ta yi wa takardarsa mu'adala, wato ta amince da ita. In ba ta yi ba, sai ya zauna jarrabawar tantance mataki, a ajiye shi ajin da ya dace a ma'ahadin ɗaliban waje, wato makarantar Azhar ta ƙasa da jami'a. Nan shekaru ke tafiya, Alhaji, domin mai raunin Larabci baya ake mayar da shi.

Amsa ta 2: Takardun su bi ta Ma'aikatar Ilimi, sai ta Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Masar ya buga hatimi. A duba sunansa harafi-harafi: Muhammad a fasfo, Mohammed a satifiket, ya isa a dawo da fayil. Kar a manta katin rigakafin shawara.

Amsa ta 3: Iƙama kuma, wato izinin zama a Masar, a ofishin jawazat (shige da fice) na unguwar Abbasiyya a Alƙahira ake sabunta ta, in ta ƙare akwai tara. Ya tafi da rigar sanyi, Janairun Alƙahira ba wasa.