Kakakin taro ko shugaban taro?

Isa Wunti: Salamu alaikum. A katin gayyatar taronmu na Asabar na rubuta "Kakakin taro: Alhaji", tunda shi zai jagoranci zaman. Malam ya ce kuskure ne. In gyara kafin a kai wa masu bugawa?

Malam Habu: Gyara, Isa. Kakaki ai shi ne doguwar abar busar nan ta ƙarfe. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Bauchi ranar hawan sallah ya ji ƙararsa har cikin ƙirji. Aikinsa shela: ga sarki nan tafe. Daga nan aka samo kakakin 'yan sanda da kakakin gwamna, mai isar da maganar wani. Alhaji kuwa shi zai ba da izinin magana, ya tsayar da wanda ya zarce, ya sallami jama'a. Shugaban taro ke nan.

Hajiya Binta: Allah gafarta Malam, Yakubu Dogara fa? Daga 2015 zuwa 2019 kowane gidan rediyo kakakin majalisar wakilai yake ce masa. Kuma aikin nan da ka lissafa shi yake yi, da gudumarsa a hannu. Abin da bakin jama'a ya karɓa ai ya zauna.

Malam Habu: Ranki ya daɗe, fassarar gaggawa ce. An ga Turawa na cewa Sifika, wato mai magana, aka laƙa masa kakaki. Me ya sa na majalisar dattawa ake ce masa shugaba? A Nijar ma shugaban majalisar dokoki suke cewa. Abin na damuna, don ɗalibaina sun fara ɗauka duk wanda ya zauna a kujerar tsakiya kakaki ne.

Barista Musa: Malam, a nan ba na bayanka. A Ingila, tun 1377 da aka fara kiran Thomas Hungerford da wannan suna, asalin aikin Sifika shi ne ya je gaban sarki ya faɗi abin da 'yan majalisa suka yanke. Bakinsu ne. Wanda ya fara cewa kakaki ya dace da asalin. Sai dai Alhaji ba wanda zai kai wa saƙonmu, don haka a kati ina tare da kai.

Isa Wunti: To in sa ciyaman mu huta?

Hajiya Binta: Kul, Isa! A garin nan in ka ce ciyaman, na ƙaramar hukuma za a zata, mutane su cika zauren da takardun neman taimako. Ni dai kakakin majalisa ban fasa ba. Na kati a bar wa Malam.

Malam Habu: Na majalisar ma ban haƙura ba, Hajiya, za mu koma kansa ranar Asabar.

Isa Wunti: Na sa "Shugaban taro". Bari in hau acaɓa, mai bugawa da Magariba yake rufewa.