Daga ina kalmar "schmieden" ta samo asali?

Ɗalibin Jamusanci: Malamai, barkanku da war haka. Schmieden, wato ƙira da Jamusanci, daga duka da guduma ta fito? Wani ya ce min 'yar'uwar smite ce ta Turanci, wato duka.

Mai Nahawu: A'a, kamannin sauti ne ya ruɗe shi. Dangin smite a Jamusanci shi ne schmeißen, jifa. Schmieden kuwa daga tsohon Jamusanci smidōn take, aikatau da aka gina kan smid, maƙeri. Tun asali ba ƙarfe kaɗai ba ne: a tsohon harshen Nos na mutanen arewacin Turai, kalmar smiðr, 'yar'uwar smid, ta haɗa da masassaƙin katako. Shi ya sa masana ke danganta ta da smilē ta Girkanci, wuƙar sassaƙa.

Malama Sauti: Ƙari kaɗan. Tun wajen ƙarni na 13 sm ya fara komawa schm. "ie" ɗin kuma wasali ɗaya ne, "i" mai ja. Masu koyo kan raba shi biyu, kuskure ne. Ka ce "shmiidən".

Ɗan Maƙera: Ku duba geschmeidig ma, mai laushi, asalinsa ƙarfen da ke ƙiruwa ba ya tsagewa. Sunayen Schmidt da Schmitt duk gidan maƙera ne.