Wane irin kiɗa matasan Jamus suka fi so?

Ɗan Sarki: Jama'a, za a shirya wa ɗalibai taron kiɗa a Jamus, 'yan shekara 18 zuwa 25. Me za a sa musu su tashi?

Malam Sauti: Fara da rap na Jamusanci, shi ke ci yanzu. Ka buɗe jerin Modus Mio a Spotify, sannan ka duba jadawalin waƙoƙin ƙasar da ke fita kowace Juma'a. Nemi mawaƙa irin su Apache 207, RAF Camora, Bonez MC da Nina Chuba. "Komet" ta Apache 207 da Udo Lindenberg, wadda ta fito a 2023, kowa ya haddace ta. Amma ka saurari baitocin tukuna, wasu cike suke da batsa.

Yar Gidan Rediyo: Gari ma na da tasiri. A Balin tekno, wato kiɗan rawa na na'ura, shi ne sarki, har an sa shi cikin jerin al'adun gargajiyar ƙasar a 2024. Kada dai ka buɗe da shi; saurinsa kan haura bugu 130 a minti, fili sai ya watse tun mutane ba su ɗumama ba. Bari sai dare ya raba. Waƙoƙin Schlager kuwa, wato waƙoƙin nishaɗi masu sauƙin rerawa, irin na 'yan hutun tsibirin Mayoka na Sifen, a ƙarshe ake sa su, lokacin da kowa ke son rerawa.

Malam Sauti: Na ƙara da wannan, ɗan'uwa. In taron na kowa da kowa ne, ka sanar da GEMA, ƙungiyar da ke karɓar kuɗin haƙƙin mawaƙa, kafin ranar, domin in suka gano daga baya kuɗin kan ninka. Daga ƙarfe 10 na dare kuma a rage sauti a waje, maƙwabta kan kira 'yan sanda.