Neman shawara: in sayi fili a Waller mu bar cikin Houston?

Baban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen manyanmu da suka daɗe a Texas. Shekarata 9 a Houston, muna haya a unguwar Alief ni da iyali da yara uku, kuma wallahi na gaji, duk shekara sai an ƙara kuɗin haya, yara ba wajen wasa, maƙwabcin ƙasa da sun ɗan yi gudu sai ya buga silin da tsintsiya. To na samu fili eka 3 da ɗan gida a gundumar Waller kusa da Hempstead, kamar mil 50 daga tsakiyar gari ta hanyar 290. Aikina na asibiti ne, kwana uku a sati, na dare. Burina in ajiye tumaki ko biyar da kaji, in shuka kuɓewa da yakuwa, in Hajiyarmu ta zo daga Funtua ta samu inda za ta shimfiɗa tabarma a waje ta sha iska. Uwargida dai ba ta ce e ba ba ta ce a'a ba. Ya kuka gani?

Alhaji na Katy:
Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa alheri. Kafin tumaki kafin komai, ka fara tambayar ruwa. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ga teku kusa, ruwa in ya sauka ba shi da inda zai gudu. Lokacin guguwar Harvey a Agustan 2017 akwai wuraren da aka yi ruwa sama da inci 50 cikin 'yan kwanaki, ni da idona na ga ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofar falo cikin dare, muka ɗora Alƙur'anai da fasfo a kan firji, muka zauna a matakala da yara har gari ya waye. Kuma gidana a taswira ba ya cikin yankin ambaliya fa, haka gidaje da yawa da suka nutse a lokacin. Ka duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, amma kar ka tsaya a nan, ka bari a yi ruwa mai ƙarfi washegari ka tuƙa ka je ka ga filin, ka duba kwalbatin bakin titi, ka gaida maƙwabta ka tambaye su ina ruwa ya tsaya a 2017. Kogin Brazos ne iyakar Waller ta yamma, in filin ta can ƙasa-ƙasa yake ka yi hattara. Sannan inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, daban ake sayen wannan, ta gwamnatin tarayya kuma yawanci sai ta kwana 30 take fara aiki, ba ranar da aka ce guguwa na tafe ake nemanta ba.

Maman Hanifa:
Baban Khalil ka yi haƙuri zan faɗi gaskiya, shirun uwargida shi ne amsar da ya kamata ka tsaya a kai. Mu mun yi wannan ƙaurar, shekara biyu muka yi a bayan gari ta gabas muka dawo. Maigida ya fita aikin dare, ni kaɗai da yara, ba fitilar titi, ba gida kusa, in kare ya yi haushi gabana ya faɗi. Ba bas ba komai, gishiri ya ƙare sai ka tada mota. Tana tuƙi a babban titi? In ba ta yi to kulle ka kai ta. Ga islamiyya, Asabar da Lahadi minti 50 zuwa minti 50 dawowa, da farko muna zuwa, daga baya sati ɗaya a je biyu a fasa, sai na ga babban ya fara manta izu ɗin da ya haddace, ranar na yi kuka. Suna, biki, gaisuwar rasuwa, tarawihi, duk sai dai ka gani a waya. Abin da ban manta ba, ƙaramata tana shekara biyu ta taka gidan jajayen tururuwan nan masu cizo kamar wuta, kafin in ɗago ta sun cika ƙafar har gwiwa, washegari duk ƙuraje masu ruwa, asibitin kirki kuma da nisa. Ban ce kar ku je ba, amma ku zauna ku biyu ta faɗi abin da ke ranta ba don kunyarka ba.

Abu Sadiq:
Yaya ni ta ɓangaren takardu zan yi magana. A bayan gari a Texas gunduma ba ta cika tsara wa mutum me zai yi da filinsa ba, amma sau da yawa wanda ya yanka filayen ya rubuta ƙa'idoji a cikin takardar mallaka, wani ya hana awaki da tumaki, wani ya ƙayyade adadi, kuma suna bin filin ko hannu nawa ya canza. Ka sa a ba ka ka karanta kafin ka biya ko sisi, ka kuma tambaya zancen yanka a gida saboda layya. Na biyu haraji, jihar ba ta karɓar harajin albashi amma na gida da fili yana da zafi. Akwai rangwamen filin noma da kiwo, sai dai sharaɗin shi ne an yi noma ko kiwo a filin shekara 5 cikin 7 da suka wuce, kuma kowace gunduma da ma'auninta na yawan eka da dabbobi, eka 3 da gida a kai da wuya ya shiga, ka kira ofishin ƙiyasta harajin gundumar ka ji. In kuma filin na da rangwamen ka zo ka canza amfaninsa, za su bi ka bambancin harajin shekara uku baya. Sai bohol da sokawe, babu ruwan famfo na gwamnati a irin wuraren, ka kawo mai dubawa ya gwada ruwan ya buɗe tankin. Kuma ka tuna famfon bohol da wuta yake aiki, guguwar Beryl a Yulin 2024 sama da gidaje da shaguna miliyan 2 ta bari ba wuta a yankin Houston, ga sanyin Fabrairun 2021 da ya fasa bututai, ranar da wuta ta tafi ruwan alwala ma babu, janareto dole ne.

Malam Ɗan Zariya:
To kar a tsorata bawan Allah da yawa. Ni shekara huɗu ke nan ina garin Waller kuma Alhamdulillah ban yi nadama ba. Da asuba in fito in ji zakara, yarana sun san yadda ake ba rago dusa, yakuwa kuwa zafin nan na Texas kamar gida take jinsa, har kyauta nake kaiwa masallaci. Wurin ma ba daji ba ne sosai, ga jami'ar Prairie View ta baƙaƙen fata tun 1876, ga katafariyar masana'antar Daikin, ga bikin kankana na Hempstead duk Yuli. Juma'a Cypress nake zuwa. Abu biyu zan gaya maka tsakani da Allah. Aladun daji, dare ɗaya suka tone min kunya shida ta kuɓewa kamar an sa garma, sai da na yi shinge mai ƙarfi, su kuma karnukan daji 'yan tumaki suke nema. Na biyu mu baƙaƙe ne kuma baƙi, ba a manta Sandra Bland ba, baƙar fata da ɗan sanda ya tsayar da motarta a Prairie View a Yulin 2015, bayan kwana uku aka same ta ta rasu a gidan tsare mutane na gundumar. Ni maƙwabtana mutanen kirki ne, ɗaya ma shi ya ara min tarakta, amma kai mai tuƙin dare ne, takardun mota da fitilu su zama daidai kullum. Shawarata ka kama haya a nan shekara ɗaya tukuna, ka ga damina da hunturu.

Baban Khalil:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Maman Hanifa maganarki ta shige ni, na karanta wa uwargida jiya da daddare, ta yi shiru can ta ce ita tsoronta daren da nake asibiti ne, kuma ba ta taɓa hawa 290 da mota ba. Mun yi da ita za ta fara koyon babban titi. Na ce wa dillalin ya turo ƙa'idojin filin. Malam Ɗan Zariya in ba damuwa mu zo ranar Asabar da yara su ga tumakin, ita ma ta gana da maiɗakinka?

Malam Ɗan Zariya:
Bismillah, ku taho bayan azahar. An ce za a yi ruwa ranar Juma'a, sai mu wuce tare mu ga filin naka da laka a ƙafa. Yara su sa takalmi rufaffe saboda tururuwan.