Dusar haƙar tama a madadin yashi: za ta yi bulo kuwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata buga bulo ce, shekara 9 ke nan. Yashi ya yi mana nisa, ga shi kusa da mu akwai wurin haƙar tama inda ake zubar da abin da ya rage bayan an niƙa dutse an tsame ƙarfen. Tuli guda ne, ja-ja, laushinsa kamar gari. Da izinin masu wurin na ɗebo buhu biyu, na kwaɓa da siminti yadda na saba da yashi, na buga guda 10. A ido sun yi kyau, har sun fi na yashi nauyi, amma da na ɗaga ɗaya bayan kwana 5 sai gefensa ya marmashe. Laifin dusar ne ko na kwaɓina? Abin da ya fi ci mini rai kuma, ɗakin da aka gina da ita mutum zai kwana a ciki lafiya? Ba na son in sayar wa bayin Allah abin da zai cuce su.

Wani dattijon magini: Wa'alaikumus salam ɗana. Tun daga inda ka ce "kamar gari" na gane. Yashi mai tsakuwa-tsakuwa shi ne ƙashin bulo, siminti kuwa shi ke riƙe ƙwayoyin. In kayan ya cika laushi sai ya sha ruwa da yawa kafin ya kwaɓu, kuma simintin da ka saba sawa ba zai ishe shi ba. Ruwan nan in ya bushe ramuka yake bari a ciki. Sannan kwana 5 ai jariri ne. Ka ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda, a inuwa, ba a yanke wa bulo hukunci sai ya kwana 28.

Injiniyan gini: Baba ya faɗi gaskiya, ƙari kawai zan yi. Yawancin dusar tama sinadarin silika ne, wato abin da yashi ya ƙunsa, sai ragowar ƙarfe wanda ke ba ta ja da nauyi. Shi ya sa masu bincike a Burazil da Indiya da Sin suka daɗe suna gwada ta a bulo da daɓen titi, kuma tana yi. Kuskurenka shi ne cire yashin gaba ɗaya. Ka yi kwaɓi huɗu: ɗaya yashi zalla don kwatance, sauran ka maye gurbin kashi 10, da 20, da 30 cikin ɗari na yashin da dusar. Siminti iri ɗaya, awo ɗaya, kowane kwaɓi ka sa masa alama. Sau da yawa 'yar kaɗan ɗin tana cike gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi har bulon ya ƙara ƙarfi, amma in ta wuce kima sai ƙarfin ya fara sauka. Inda wannan iyaka take, gwajinka ne zai nuna, domin dusar wannan mahaƙa daban take da ta waccan.

Bayan kwana 28 ka auna busasshen bulo a sikeli, ka jiƙa shi awa 24, ka sake aunawa, ka ga wanne ya fi shan ruwa. Sauran ka kai ɗakin gwaji a matse su da inji a ga nauyin da za su ɗauka. Jefa bulo ƙasa yana nuna wani abu, amma ba ya maye gurbin wannan. Nauyin da ka ji kuma kada ya ruɗe ka, ƙarfe ne ya kawo shi, ba shaidar ƙarfi ba ce, kuma fandisho ne zai ɗauke shi.

Mai gasa jan bulo: Ni kam da ni ne, wuta zan kai ta. Ita kaɗai ba ta da danƙo, ba za ta tsaya a mazubi ba, amma in ka gauraya ta da yumɓu mai kyau tana rage tsagewa wajen bushewa, kuma jan da take fitarwa abin sha'awa ne. Sai dai wutar ta kai digiri 900 zuwa 1,000. Wanda ya gasu, in ka buga biyu za ka ji ƙara kamar ƙarfe.

Dattijon magini: Malam, mutumin nan injin siminti gare shi, kada mu ɗora masa gina murhu da neman makamashi. Ya fara da abin da ya iya.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Tambayarka ta biyu ita ta sa na tsaya, Allah ya saka maka da ka yi ta. Ido ba ya amsa ta. Dusar tama galibi ba ta kai ta wasu ma'adinai haɗari ba, amma "galibi" ba ta isa a gina ɗakin yara a kanta ba. Ka ɗebo daga wurare daban-daban na tulin, sama da ciki, a duba maka dalma da asinik da sauran ƙarafa masu guba, a kuma gwada ko ruwan sama na iya wanko su daga bulon. A duba farar wuta: in tana da yawa, haɗuwarta da iska da ruwa na haifar da tsami mai cin siminti a hankali, bulon ya kumbura ya tsage bayan an gama gini. Farin gishiri a fuskar bulo bayan ya bushe ma alama ce. Ka tambayi masu wurin ko sun sa sinadari wajen tace tamar, su ba ka sakamakon gwajinsu in suna da shi.

Sai ƙura. Wannan ita ce ta fi kusa da kai da yaran aikinka. Ƙurar silika in ta zauna a huhu ba ta fita, cutar da take jawowa ba ta warkewa, kuma galibi sai an shekara da shekaru take bayyana. Ku riƙa yayyafa wa tulin ruwa kafin ku ɗiba, ku sa takunkumi na gaske, ƙyalle ba ya tare ta.

Wani tsohon ma'aikacin haƙar ma'adinai: Don Allah a ina kake ɗiba? In dusar jiƙaƙƙiya ce da aka tare da madatsa, kada ka kuskura ka haƙa gindinta. A Burazil irin wannan madatsa ta dusar tama ta fashe a Mariyana a 2015, mutum 19 suka rasu, laka ta bi kogi har teku. A 2019 wata ta fashe a Burumadinyo, ta ci rai 270. Abin da ya sa nake murna da masu neman amfani da dusar nan ke nan, duk abin da ya zama bulo ya ragu a bayan madatsa. Amma su masu wurin su nuna maka inda za ka ɗiba, kuma izinin ya zama a rubuce.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Busasshen tuli ne can gefe, ba madatsa ba, amma zan koma neman takarda. Gobe zan buga kwaɓi huɗun da Injiniya ya ce, ba zan sayar da ko ɗaya ba sai sakamako ya fito. Hajiya, kamar nawa zan ɗebo na gwajin, kuma a leda zan zuba ko a kwalba?